Direban Damargu, Magajin Madugu

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Olelewa, idan tsohon direban kamyo ya kwanta dama, akan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a su watse. Abin da ke saura nasa bai wuce tsohuwar takardar tuƙi a gindin akwati ba, sai ƴaƴan da ya bari. Littattafan tarihin Damargu sun san sarakuna da mayaƙa da Turawa masu yawon bincike, amma ba su san wannan bawan Allah ba, alhali kuwa a bayan motarsa abincin ƙasar ya yi ta kai da komowa tun zamanin samun ƴancin kai.

Aikinsa ya girmi motarsa. Tun kafin zuwan Nasara, Damargu ce rumbun Abzin. Ayarin gishiri yakan taso daga Balma, ya ratsa Abzin, ya gangaro nan ya sauke kantu da dabino, ya sayi hatsi, sannan ya zarce Damagaram da Kano. Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Damargu a watan Janairu na 1851, a nan kuma ya rabu da abokin tafiyarsa James Richardson, wanda ya nufi Zinder. Kowane ayari yana da madugu, uban tafiya, masanin rijiyoyi da zanguna, wanda dukiyar mutane ke wuyansa har ta isa hannun masu ita.

Sai zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hajar da ke ƙetaro Sahara daga Tarabulus ta koma bin teku. Yaƙin Kawsan, shi ma ɗan Damargu, na 1916 zuwa 1917, da ramuwar gayyar Faransa a bayansa, suka cinye raƙuma da masu su. Raƙumi bai bar hanya ba, har yau ana zuwa Balma da shi, amma sannu a hankali manyan kaya suka koma bayan Berliet da Marsandi. A 1963 aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Sai dai hatsin ƙauye da dabbobin kasuwa, motocin alhazai ne suka fi ɗauka, direbobinsu kuwa ƴaƴan talakawa ne.

Makarantar wannan sana'a ita ce motar kanta. Yaro yakan fara a matsayin karen mota: wanke mota nasa ne, ɗaure kaya da igiya, dafa shayi a zango. Sai ya shafe shekaru kafin maigidansa ya miƙa masa sitiyari. Tsakanin Zinder da Agadas akwai kimanin kilomita 450, kuma kafin a shimfiɗa kwalta tafiyar takan ci kwanaki: mota ta kafe cikin rairayi, a sauko a tona, a sa ƙarafa ƙarƙashin taya, a tura. Tilas direba ya zama makanikin kansa, don babu gareji a dajin da ke tsakanin Tanut da Adarbisanat. Babban jarinsa kuwa amana ce. Kafin zuwan wayar salula, shi ɗan ci-rani ke damƙa wa kuɗi a ƙulle cikin tsumma ya kai wa tsohuwarsa, ba takarda ba shaida. Ta bakinsa ake jin labarin haihuwa da na rasuwa, da farashin tiyar hatsi a kasuwar Bakin Birji.

Shekarun yunwa ne suka nuna nauyin da ke kansa. A farin 1973 zuwa 1974 motar da ta saba fitar da hatsi daga Damargu ta koma shigo da na taimako, daga rumbunan hukumar OPVN da aka kafa a 1970. A 1984 abin ya fi muni: ruwa ya ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu, ba ta buɗe ba sai 1986, shi ya sa jama'a suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Direba ya shigo da buhuna, ya koma kudu ɗauke da iyalan da suka bar gidajensu, wani lokaci har da danginsa a ciki. Daga baya tawayen arewa na 1990 zuwa 1995 ya sa bin hanyar Agadas ya zama sai da rakiyar soja, karyewar darajar sefa ta Janairun 1994 kuma ta cilla farashin taya da kayan gyara sama.

A gida fa? Uba ne wanda ƴaƴansa ke gane odar motarsa tun daga nesa, su fita da gudu. Sau da yawa akan raɗa sunan ɗansa yana kan hanya, ƙanensa ne zai tsaya a yanka rago. Uwargida ce ke riƙe da gida da rumbu, gonarsa kuma sai ya aiko da kuɗin ƴan barema. Yakan dawo da tsarabar dabinon Abzin ko atamfar Kano, ya kwana biyu, ya sake ɗaura ɗamara. Da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, amma sun nace ƴaƴansu su shiga lakwal, domin a kowane shingen jandarma da na duwan sun ga yadda takardar da mutum bai iya karantawa ba take ɗaure shi. Da tsufa ya zo, baya ya sage, ido ya dushe, akasarinsu ba su da fansho, don da baki aka ɗauke su aiki, da baki aka sallame su. Ƴaƴan nan da suka yi karatu su ne suka zama fanshon.

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a cikin ƙasar Olelewa, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Tankokin mai suka cika hanyar da ayari ya bi, wasu daga cikin masu tuƙa su kuma ƴaƴan tsofaffin direbobi ne. Ranar buɗe matatar tana rubuce, sunayen manyan da suka halarta ma haka.

Waɗanda suka riƙe sitiyari a 1984 kuwa, wanda ya rage a cikinsu ya tsufa. A kansu akwai sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, da ƙauyukan da suka tashi ba su dawo ba, da hanyoyin da kwalta ta kauce wa. André Salifou ya rubuta tarihin sarautar Damagaram a 1971 da na Kawsan a 1973, ya kuma dogara ƙwarai da abin da dattawa suka faɗa masa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Zinder ba sa bukatar doguwar tafiya kafin su yi irin wannan aiki: kilomita hamsin da ƴan kai ne zuwa Bakin Birji, kuma ranar kasuwa tsofaffin direbobi suna nan zaune a bakin tasha.