Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Tsoho? Tarihin Wani Giɓi a Inshorar Lafiyar Amurka

A ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka don waɗanda suka kai shekara 65. Dokar ta ɗauki nauyin kwanciya asibiti da ganin likita, amma ba ta ce uffan ba game da maganin da likita zai rubuta wa tsoho ya je ya saya ya sha a gida. A wancan zamani magunguna ba su da yawa, ba su kuma da tsada kamar yanzu, don haka ba a ɗauki giɓin a bakin komai ba. Shekara 40 aka yi kafin a cike shi, kuma abin da ya hana ruwa gudu tambaya ce guda: daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Amsa ta farko ta zo a 1988, lokacin da Shugaba Ronald Reagan ya amince da dokar da ta ƙara tallafin magani. Sharaɗinta shi ne tsofaffin da kansu za su biya, har masu hali a cikinsu za a ɗora musu ƙarin haraji da ya kai dala 800 a shekara. Da yawa daga cikin masu halin kuwa suna da inshora tun daga tsoffin wuraren aikinsu, sai suka ga an sa su biyan abin da ba su buƙata. A watan Agustan 1989, wasu tsofaffi a birnin Chicago suka yi wa motar ɗan majalisa Dan Rostenkowski ƙawanya suna yi masa ihu, har sai da ya fita ya ranta a na kare. Kafin ƙarshen shekarar majalisa ta soke dokar, tun tallafin maganin bai fara aiki ba.

'Yan siyasa sun ɗauki darasi, sai suka yi shekaru suna kaffa-kaffa da batun. Farashin magani kuwa bai jira su ba, har ta kai ga tsofaffi suna cika motocin safa zuwa Kanada don sayen magani da rahusa. A Nuwamban 2003 Majalisar Wakilai ta zartar da sabuwar doka da ƙuri'a 220 a kan 215, bayan an bar ƙofar jefa ƙuri'a a buɗe kusan awa uku cikin tsakar dare ana ban-baki. Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a Disamba, sashen magani da ake kira Part D ya fara aiki a Janairun 2006.

A wannan karon baitulmali ne ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin, ba tare da an ƙirƙiri sabon haraji ba, aka kuma danƙa gudanarwa a hannun kamfanonin inshora masu zaman kansu. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Don kada lissafin ya zarce dala biliyan 400 cikin shekara goma, sai aka bar rami a tsakiyar tallafin. A 2006, idan kuɗin maganin tsoho ya kai dala 2,250, inshora takan janye hannunta, ya ci gaba da biya shi kaɗai har abin da ya fita daga aljihunsa ya kai dala 3,600. Wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ya fi saurin faɗawa ramin. Bugu da ƙari, dokar ta haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanonin harhaɗa magunguna kan farashi.

Dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ta soma cike ramin sannu a hankali. Ta 2022, a zamanin Joe Biden, ta ƙayyade kuɗin insulin a kan dala 35 a wata, ta iyakance abin da tsoho zai kashe daga aljihunsa a 2025 zuwa dala 2,000, ta kuma ba gwamnati ikon ciniki a karon farko, inda aka fara da magunguna goma.

Ke nan kowace doka sauya wa nauyin kafaɗa ta yi. A 1965 an bar shi a kan majinyaci, a 1988 a kan tsofaffi baki ɗaya, a 2003 a kan masu biyan haraji, a 2022 kuma aka taɓa ribar kamfanoni. Ba a taɓa musun cewa tsoho yana buƙatar maganinsa ba. An dai yi ta jinkiri ne har sai an sami wanda za a aza wa kuɗin ba tare da ya tare motar ɗan majalisa ba.