George Smith da Yaran Jiragen Kanal na Ingila

Kafin jirgin ƙasa ya karɓe kasuwa, a kan ruwa Ingila take dakon kwal da tukwane da hatsi. Tun da aka buɗe kanal ɗin Bridgewater a 1761, sai aka shiga haƙa irin waɗannan hanyoyin ruwa ko'ina, doki na tafe a gaɓa yana jan jirgi da igiya. Jirgin siriri ne, faɗinsa kamar ƙafa 7, kuma kaya ne ke cinye kusan duk cikinsa.

Da jirgin ƙasa ya karya kuɗin dako daga wajajen 1840, matuƙa da yawa suka kasa biyan haya a tudu, suka kwaso iyalansu zuwa ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. A nan ake girki, a nan ake kwana, a nan ake haihuwa da jinya. Yaro da ya fara tasawa sai a damƙa masa linzamin doki, ko a tura shi buɗe ƙofofin da ke ɗaga jirgi da sauke shi, inda santsi kaɗan ya isa ya jefa shi ruwa. In an zo ramin da ya ratsa ƙarƙashin tudu, inda babu hanyar doki, sai maza su kwanta rigingine suna tokarar bango da ƙafa cikin duhu har su fita. Da hunturu kuwa ƙanƙara kan daskarar da ruwan, jirgi ya tsaya, abinci ya yanke. Kayan dakon ma kan zama haɗari: a Oktoba 1874 wani jirgi ɗauke da albarushi ya tarwatse a kanal ɗin Regent a Landan, ya hallaka ma'aikatansa, ya rusa gada.

Wanda ya hana mahukunta sakat a kan wannan rayuwa shi ne George Smith na garin Coalville, ɗan cocin Methodist, malamin makarantar Lahadi. An haife shi a 1831, kuma tun yana ƙarami yake ɗaukar yumɓu a ka a masana'antar bulo, don haka wahalar aikin yara ba labari aka ba shi ba. Ya bi gaɓar kanal da ƙafa, ya shiga jiragen, ya rubuta abin da ya gani a littattafai irin su Our Canal Population da Canal Adventures by Moonlight. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yara a ƙasar da ke kiran kanta ta Kirista suna girma ba karatu, ba su san Littafi Mai Tsarki ba, Lahadi ma ranar aiki ce a wurinsu.

Yana da laifinsa. Masana tarihi sun nuna ya zuzuta yawan mazauna jiragen, kuma ya zana su kamar mutanen da ba su san Allah ba, alhali da yawansu masu tsabta ne da riƙon mutunci. Wannan bai yi musu adalci ba. Amma nacinsa ne ya sa majalisa ta yi dokar 1877, wadda ta tilasta yi wa jirage rajista, ta kuma ƙayyade yawan masu kwana a ciki. Da ya ga ba a aiki da ita, ya koma ya matsa har aka gyara ta a 1884, aka naɗa sufeto. Karatun yaran dai ya daɗe yana tangal-tangal, domin jirgi ba ya zama wuri guda. Smith ya rasu a 1895.