Gwandu Ta Adana Nata, Mu Fa?

A shekarar 1853 Bajamushe matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, zamanin Sarki Halilu. A nan aka ara masa Tarikh al-Sudan, tarihin daular Songhai da wani malamin Timbuktu ya rubuta, ya kwafi wasu sassa ya aika Turai. Adana rubutu ba baƙon abu ba ne a garin: Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya rubuta asalin danginsa da sunayen malamansa.

Mu fa? Wasunmu a Gwandu da Kalgo, aiki ne ya kawo iyayenmu daga Zuru ko kudancin Kaduna. Wa ya fara karɓar bishara a gidanmu? Wa ya yi masa baftisma? Kakanni ne suka sani, kuma kullum raguwa suke yi. Matiyu ya buɗe Bishararsa da jerin kakannin Yesu, har da Rahab da Rut, domin amincin Allah ta cikin zuriya yake bayyana.

A wannan mako mu zauna da tsoho ɗaya, mu naɗi muryarsa a waya. Mu ɗauki hoton katin baftisma kafin gara ta cinye shi, mu raba wa dangi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.