Daga Tcholliré zuwa sashe na 584

Duk sa'ad da na bi tarihin tsare mutane a arewacin Kamaru, a Tcholliré nake tsayawa. Zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ana kai ɗan adawa can ba alƙali, ba ranar fita.

Dokar shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta sa wa'adi: awa 48 a hannun 'yan sanda kafin a nemi ƙari, wata 18 na bincike a babban laifi. In an ƙetare, sashe na 584 ya ba tsararre damar neman shugaban babbar kotu ya sake shi.

A ganina, dangin da ba su ƙirga kwanakin nan ba, ɗansu zai daɗe a ciki.