Daga KD zuwa DRA: Yadda Lambar Mota Ta Zama Abin Sata

Motar da aka yi wa rajista da sunan Daura, lambarta da haruffa uku take farawa: DRA. Ta birnin Katsina kuwa KTN. Yaran da ke wasa a unguwar Kusugu sun tashi sun tarar da haka, har suna iya zaton tun fil'azal ne. Amma wannan tsari bai kai rabin shekarun dattijan tashar Daura ba, kuma su sun tuka motoci masu lambobi iri uku ko huɗu ba tare da sun bar garinsu ba.

Asalin abin daga Turai ne. A 1893 hukumar 'yan sandan birnin Paris ta wajabta wa masu mota su manna lamba, don a san wanda za a nema idan an yi ɓarna. Sai masu karɓar haraji suka hango nasu rabon. A 1921 Ingila ta fito da 'yar kewayayyiyar takarda da ake liƙawa a gilashin gaba, shaidar cewa an biya kuɗin hanya na bana. Wannan al'ada Turawan mulkin mallaka suka zo mana da ita: ƙarfe a gaba da baya yana faɗin wace mota ce, takarda a gilashi tana faɗin ko an biya.

Ita lambar kuwa bin siyasa take yi. Daura ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, a 1976 jihar ta koma Kaduna, motocin Daura suka ɗauki KD. Ranar 23 ga Satumba 1987 Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jihar Katsina, aka koma KT. Lambobin wancan zamani baƙin fenti ne da farin rubutu, kuma ba wani sirri a cikinsu. Ofis ya ba ka lamba a takarda, ka kai wa mai fenti ko mai buga ƙarfe ya rubuta maka. A irin wannan hali ba wanda zai wahalar da kansa ya saci lamba, tunda abin da zai sata yana iya sa a zana masa kafin la'asar.

A watan Fabrairu na 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Babban ciwon kan da ta tarar shi ne kowace jiha da nata littafin, ba mai iya duba na wani. Mota ta kaɗe mutum a Zariya ta gudu, ko an ɗauki lambarta sai a rasa inda za a tambaya. A 1992 aka fito da lamba iri ɗaya ga ƙasa duka, mai siffar ta Amurka: farin faranti, sunan jiha a sama da kirarinta, tutar ƙasa a kusurwa, haruffan ƙaramar hukuma uku a ƙarshe. Shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Daga ranar bugun lamba ya fita daga hannun masu fenti ya koma masana'antar hukuma. Gyara ne mai kyau, amma shi ne ya yi wa lamba daraja. Abin da ba ka iya ƙerawa a bayan kasuwa, idan kana buƙatarsa ba ka kuma son sunanka ya shiga littafi, sai ka kwance na wani.

A nan muka rabu da Amurka. Can, a jihohi da yawa, shaidar sabunta rajista 'yar sitika ce da ake mannawa a kusurwar lamba kowace shekara, kuma ita ɓarayi ke ɓamɓarewa, wani lokaci su datse kusurwar farantin gaba ɗaya. Jihar Pennsylvania ta daina ba da ita daga ƙarshen 2016, 'yan sanda suka koma duba kwamfuta. Ingila ma ta soke takardar gilashinta a Oktoba 2014. Mu mun ɗauki faranti irin na Amurka, muka riƙe takarda irin ta Ingila, wadda ke cikin mota a kulle. Don haka ɓarawon ƙasar nan ba ya ɓata lokaci da sitika. Noti biyu ne tsakaninsa da lambar dukanta.

A 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, lokacin Osita Chidoka na jagorantar Hukumar Kiyaye Haɗurra, aka sake fasali. Haruffan ƙaramar hukuma suka dawo farko, aka zana taswirar Najeriya a bayan rubutun, aka ce daga yanzu lamba ta mutum ce, bayanansa kuma suna rumbu guda. Jama'a suka yi ca a kan kuɗin, magana ta kai kotu. A Maris 2014 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce ba a iya tilasta wa mutane sauya tsohuwar lamba, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin daga baya.

Ƙasar Daura tana da nata dalilin kula da wannan batu. Daga Kwangwalam a Mai'aduwa taku kaɗan ne ka shiga Nijar, hanya ta miƙe zuwa Matamaye da Damagaram. A Janairu 2017, a mulkin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Motar da ta biyo ɓarauniyar hanya ba ta da takardar kwastan, kuma babu abin da ke jawo idon jami'i a shinge kamar mota ba lamba. Haka babur ɗin da aka sace. Lamba ta gaske, mai ɗan tsufa da ƙura, ita ce rigar aro da ta fi dacewa da su.

Wahalar tana kan mai lambar. Idan aka yi ta'asa da ita, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Shi ya sa wanda ya wayi gari ya ga bayan motarsa fayau ba ya jira: ofishin 'yan sanda a rubuta masa rahoto, kotu ya yi rantsuwa, sannan ofishin lasin ya biya kuɗin wata lambar. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da shafi a intanet inda ake shigar da lamba a ga irin motar da aka yi mata rajista, sai dai amfaninsa ya rataya ga jami'in da ke bakin hanya, ko yana da waya da sabis da niyyar dubawa. Direbobi ba su jira wannan ba. Da yawa, da sun karɓo sabuwar lamba, wurin mai walda ko mai gyaran jikin mota suke wucewa, a cire notin a buga mata ƙusar da ba ta kwancewa sai da injin huji.