Tamawa, Maƙera da Karofi: Tarihin Sana'o'in Hannu a Tsakiyar Ƙasar Katsina

Wanda ya ke so ya san tarihin ƙasa, ba labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe kaɗai zai nema ba. Ya kamata ya tambaya, wa ya ƙera fartanyar da aka noma gero da ita, wa ya saƙa rigar da sarki ya sa, wa ya gina tulun da aka ɗebo ruwa. Irin waɗannan mutane ba a cika rubuta sunayensu ba, amma sau da yawa sana'arsu ta kan bar suna a ƙasa.

Mu dubi tsakiyar ƙasar Katsina, watau wajajen Kurfi, inda Maradin Katsina ya ke hakimci, da Dutsin-Ma, ƙasar 'Yandakan Katsina. A nan akwai Tamawa, akwai Maƙera, akwai kuma Karofi. Duk mai jin Hausa in ya ji waɗannan sunaye uku, abu uku zai tuna. Tama ita ce dutsen da a ke narkawa a fid da ƙarfe. Maƙera nan ne wurin da a ke ƙira. Karofi kuwa shi ne wurin rini. To, yau an daina narka tama, rini ya ja baya ƙwarai, amma ƙira tana nan da ranta. Me ya kashe waɗancan, me ya raya wannan? Abin da za mu bincika ke nan.

Mai sana'a manomi ne

Da farko sai mu san cewa a ƙauyukan nan ba a raba noma da sana'a. Damina wata 4 ce ko 5, sauran shekara duk rani ne. In an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai kowa ya koma wa abin da ya gada. Maƙeri ya hura wuta, masaƙi ya shimfiɗa zarensa a ƙofar gida, majemi ya jiƙa fatu da bagaruwa, masassaƙi ya shiga daji neman icen turmi da akushi. Mata kuma a cikin gida suna kaɗi, suna saƙar faifai, waɗansu suna ginin tukwane.

Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar ƙasar Kurfi, cikin 1967, ta rubuta littafi a kan zaman manoman wurin, aka buga shi a 1972. Abin da ta nuna shi ne, magidancin da ba shi da wata hanyar samun kuɗi sai gona, shi ne ya kan sayad da hatsinsa da kaka lokacin da ya ke araha, sa'an nan ya dawo yana saye da tsada da damina. Ashe sana'ar rani ita ce mai tsaron rumbu. Wanda ya ke da ita, in buƙata ta taso sai ya sayad da abin da ya ƙera ko ya saƙa, ya bar dawarsa a ajiye.

Tama da maƙera

Aikin ƙarfe tsoho ne ƙwarai a wannan yanki na duniya. A Taruga, kusa da Abuja, masu tonon kayan tarihi sun sami wuraren narka tama da suka fi shekara 2,000. A Dutsen Dala na Kano an sami irinsu na wajen ƙarni na 7. Mutanen Kano ma suna ba da labari cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna kusa da Dala, garin ya ci sunansa. A Katsina kuwa, cikin kayan sarauta mafi daraja akwai takobin nan Gajere, wanda a ke danganta shi da Korau. Wannan ya isa ya nuna mana matsayin ƙarfe a wurin mutanen da.

Ga yadda a ke aikin. Da rani a kan haƙo tama a farfasa ta. A sare itace mai ƙarfi, musamman ƙirya, a ƙona a yi gawayi. Sa'an nan a gina tanderu na laka, a jera bututun laka a gindinsa domin iska ta shiga. A zuba gawayi, a zuba tama, a sake zuba gawayi, har ya cika, sai a sa wuta. Wutar nan za ta daɗe tana ci, datti ya narke ya gangara ƙasa, shi ne kashin ƙarfen da manoma su kan ci karo da shi a tsofaffin kufai. Ƙarfen kuwa ya dunƙule wuri guda. In ya huce a fasa shi, a kai maƙera, a yi ta gasawa ana bugu har ya tsarkaka.

Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ke yin mundaye da zobba da kayan adon doki, yawancinsu a birni su ke. Akwai kuma maƙeran baƙi, su ne na ƙauye. Kayan aikinsu kaɗan ne: uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da zuga-zugi na fatar akuya wanda yaro ya ke bugawa. Da waɗannan su ke fid da fartanya, da garma, da sungumi, da lauje, da gatari, da gizago, da aska, da linzami, a zamanin yaƙi kuma har da masu da kibau. Kowane babban gari da Sarkin Maƙeransa, shi ya ke tara su in sarki yana da aiki.

Saƙa da rini

Saƙa kuwa aiki ne na hannuwa da yawa. Manomi ya shuka auduga, mace ta gurje ta, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saye, ya ja zaren ya ɗaure a kunkuru, ya zauna yana jefa ƙoshiya, yana fid da ƙyalle siriri mai tsawo. Maɗinki ya haɗa. Marini ya tsoma a karofi, cikin ruwan baba da toka, ya tsame ya shanya, ya sake tsomawa, har launi ya kama. Daga nan sai mabuga, inda a ke bugun tufa da shuni har ta riƙa ƙyalli. Ku duba ku gani, riga ɗaya ta ciyad da gida shida ko bakwai.

Waɗannan kaya ba a gida kaɗai su ke tsayawa ba. Tun wajen 1526 wani matafiyi, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa su ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa a Gobir akwai masaƙa da dukawa da yawa, ana kai takalmansu har Tambutu da Gao. A ƙarni na 18 Katsina ce babbar kasuwar ƙasar Hausa, ayarin Agadas da na Gadamas a nan su ke sauka. Bayan jihadi, da Katsina ta koma hannun Ummarun Dallaje a 1807, sarakunan da aka kora suka kafu a Maraɗi, aka daɗe ana kai wa juna hari. Fatake ba su son hanyar da ba ta da lafiya, sai ciniki ya karkata Kano. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarad da birnin Katsina ya ragu ƙwarai. A Kano kuwa ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ce karofin birnin sun fi 2,000, ana karɓar harajin wuri 700 a kan kowane ɗaya. Darasi na farko ke nan: sana'a ba ta zama inda babu zaman lafiya.

Zuwan kayan waje

Turawa suka shiga Katsina a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wani reshe kuma ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan kaya suka fara kwararowa daga bakin teku, kowace sana'a ta gamu da abokin karawarta.

Narka tama ita ta fara faɗuwa. Dalili kuwa a fili ya ke. Mutane da yawa za su yi kwanaki suna haƙa, suna saran itace, suna gadin wuta, don su sami dunƙulen ƙarfe ɗaya. Ga shi kuwa kwangiri da tsofaffin ƙarafan mota sun samu a kasuwa da araha, ba su bukatar narkawa. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 aikin ya mutu a yawancin ƙasar Hausa. A Adar ta Jamhuriyar Nijar ya ɗan jima, har wata Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauki hoton aikin a majigi cikin shekarun 1960.

Saƙa ba ta faɗi da wuri haka ba. Kamfanin audugar Ingila, wanda aka kafa a 1902, ya gina injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi, yana so ya kwashe auduga ya kai masaƙun Ingila. Amma shekaru da dama masaƙan gida su kan ba manomi kuɗin da ya fi na kamfani, domin mutane sun fi son tufar gida sabo da ƙwarinta. Sannu a hankali dai akoko da atamfa suka rinjaya, don sun fi araha, sun fi sauƙi a jiki. Rini ma haka. Tun 1897 aka fara sayad da shunin da a ke haɗawa a masana'antun Jamus, ya zo ya rage wa baba daraja. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar Kaduna, samari suka bar kunkuru da ƙoshiya suka tafi aikin albashi. Kwanon sha ya ture ƙwarya, daga baya roba ta ture tulu da tabarmar kaba.

Abin mamaki, masaƙun zamanin nan da suka kashe kasuwar masaƙin ƙauye, su ma ba su dawwama ba. Rashin wutar lantarki da yadudduka masu araha daga Sin suka durƙusad da su. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002. Amma maƙerin ƙauye, wanda ba shi da inji ko ɗaya, har yanzu in ka shiga kasuwa gabanin damina za ka same shi da tulin fartanyu a gabansa.

Abin da ya raya ƙira

Dalilai uku ne. Na ɗaya, maƙeri bai ɗaure kansa da tama ba. Da ƙarfen waje ya zo, bai tsaya yana faɗa da shi ba, sai ya mai da shi kayan aikinsa. Sifirin motar da ta mutu, shi ne gatarin gobe. Hausawa sun ce zamani riga ne.

Na biyu, mai sayen kayansa maƙwabcinsa ne. Fartanyar ƙasa mai yashi dabam ta ke da ta ƙasa mai laka, kuma tsawon ƙota da lanƙwasar baki sai wanda ya san gonar da mai gonar. Masana'antar da ke wata ƙasa mai nisa ba ta san wannan ba. In kuma fartanya ta dakushe ko ta karye, ba za a mai da ita Ingila gyara ba, maƙera za a kai ta.

Na uku, ya yarda ya koyi sabon abu. Da aka kawo noma da shanu a ƙarshen shekarun 1920, garmar shanu daga waje a ke kawo ta. Maƙera suka dube ta, suka fara gyaranta, daga baya suka riƙa ƙera ta da kansu. 'Ya'yansu kuma suka koyi walda, suna yin amalanke da ƙofofi da tagogi. Da aka gama madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, masu lambu na rani suka ƙara musu aiki.

Sauran sana'o'i ma, duk wadda ta tsira, ta wannan hanya ta bi. Randa ba ta ɓace ba, don roba ba ta sanyaya ruwa. Turmi da taɓarya suna nan, don ba a dakan fura a kwano. Mai ɗinkin hula da mai aikin babbar riga suna samu, don ran salla da ran biki kowa ya fi son aikin hannu.

Abin da ya rage gare mu

Amma kada mu ɗauka ƙira ta tsira ke nan har abada. Ranta a hannun manomi ya ke. Cikin 'yan shekarun da suka gabaci 2021, 'yan bindiga suka addabi yammacin ƙasar Katsina, manoma da yawa suka kasa zuwa gonakinsu na nesa. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatad da cinikin dabbobi a waɗansu kasuwanni, har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse wayar salula na ɗan lokaci a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. Gonar da ba a noma ba, ba ta bukatar fartanya. Kasuwar da ba ta ci ba, ba ta sayen randa. Abin da ya sami birnin Katsina a ƙarni na 19, shi ne ya ke iya samun ƙauye a yau.

Akwai kuma wata hasara da ba ta da ƙara. Tsofaffin da suka ga narka tama da idonsu sun kusa ƙarewa, waɗanda suka san haɗin ruwan baba su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku da kuka koyi karatu da rubutu, ga aikin da ya dace da ku. Ku sami tsohon maƙeri ko tsohuwar da ta yi kaɗi a garinku, ku gaishe su, ku zauna, ku tambaye su sunan kowane kayan aiki, da inda a ke haƙo tama, da inda karofi ya ke a da, ku rubuta ku ajiye. Yaron da ya shiga makaranta kuma, kada a hana shi zaman maƙerar ubansa da yamma, domin alƙalami bai taɓa hana hannu riƙe masaba ba. In ba a yi haka ba, wata rana jikokinmu za su bi ta Tamawa da Maƙera da Karofi, su karanta sunayen a allon bakin hanya, ba su san abin da su ke nufi ba.