Kulle Saitin Burauza a Kwamfutocin Tarayya: Tsarin da Ya Dace da Yankin Maraɗi

Tsakure: Maƙalar ta duba hanyoyin tsara saitin burauza daga wuri guda da kulle shi a kwamfutoci masu yawa, ta auna su da halin wuta da intanet a Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa. Matsayinta shi ne a kulle abu kaɗan, kuma umarnin ya zauna cikin kowace na'ura, kada ya rataya ga layi.

Kwamfutar da mutum goma ke zama a gabanta a yini, ko a zauren ɗalibai na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko a ofishin magajin garin Tsibiri, ko wurin ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa, matsalarta guda ce: burauza an gina ta ne don mai ita ɗaya. Tana tuna kalmar sirri, tana ajiye tarihin shafuka, tana barin akwatin saƙo a buɗe. Wanda ya zauna daga baya sai ya gaji sirrin na gabansa ba tare da ya nema ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, don haka wannan sakaci ya zama nauyi a wuyan ma'aikatar da ta mallaki na'urar.

Hanyoyin kullewa uku ne. Ta farko ita ce Group Policy da Microsoft ya shigo da ita tare da Windows 2000: uwar garke ɗaya na riƙe da umarni, kwamfutoci kuma na leƙa ta kusan kowane minti 90. Ta biyu ta intanet ce, kamar wadda Google ya tanadar wa Chrome. Ta uku ƙaramin fayil ne da ake ajiyewa cikin na'urar kanta. Tun fitowar Firefox 60 a 2018 burauzar ke karanta policies.json, Chrome kuma na karanta makamancinsa a Linux ko cikin rajistar Windows. Littattafan koyar da sana'ar sun fi karkata ga ta farko, domin an rubuta su ne don kamfanonin da wutarsu ba ta ɗaukewa. Maraɗi kuwa tana shan wutar da NIGELEC ke sayowa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma an ga abin da hakan ke nufi sa'ad da aka katse ta a Agusta 2023, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Gaskiya ne umarnin da ya riga ya sauka ba ya gogewa don uwar garke ta mutu, amma sabo ba ya isowa, ga kuɗin lasisi da na batir, ga shi Windows nau'in Home, wanda ke zuwa da ƙananan kwamfutoci da yawa, ba ya shiga wannan tsari ko kaɗan.

Za a ce fayil ɗin da ake kwafa da kebul daga na'ura zuwa na'ura bai cancanci sunan tsari daga wuri guda ba. Amma abin da ke sa tsari ya zama na tsakiya shi ne a sami rubutaccen umarni ɗaya, da mutum ɗaya mai alhakinsa, da hana mai amfani ikon shugaban na'ura don kada ya goge fayil ɗin. In an rasa wannan na ƙarshe, kowace hanya cikin ukun ƙofa ce da aka bar mabuɗinta a jiki. Rauninsa na gaskiya shi ne ba ya ba da rahoto: mai kula ba zai san wace na'ura ce aka manta ba sai ya buɗe about:policies ko chrome://policy a kowacce. A zaure ɗaya wannan aikin safiya ne. In na'urori sun kai ɗaruruwa, hujjar ta koma wajen uwar garke.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato kulle na iya zama tauye ɗalibi, musamman in an kai ga toshe shafuka. Shi ya sa ya kamata a tsaya ga hana ajiye kalmar sirri, da goge tarihi in an rufe burauza, da hana saka ƙarin manhajojin da ba a tantance ba. Harshe, girman rubutu da shafin farko a bar su a matsayin shawara, bambancin da Chrome da Firefox duka suka tanada. Jarabar da ta fi haɗari ita ce kashe sabuntawa don tsimin data, tun da Chrome ya koma fitowa duk mako 4 a 2021. Mafita ita ce Firefox ESR, wanda sauye-sauyensa ba su da yawa, a sauke shi sau ɗaya a raba. Na'urar da ke kan Windows 7 kuwa ta tsaya a Chrome 109 tun farkon 2023, kuma babu saitin da zai toshe ramukan da aka gano bayan nan. Irinta sai a sauya mata Linux ko a cire ta daga layi.